Ranar da Kwamfuta Ta Zo Raɗin Suna a Kurfi

Inna, mahaifiyata, ta rasu cikin watan azumi, ina da ciki wata huɗu. Ranar sadakar bakwai maigidana Bilya ya durƙusa a ƙofar ɗakin da nake zaman makoki, ya ɗaga yatsa sama, ya ce in Allah ya ba mu mace sunan Inna za a sa mata, ko sama da ƙasa za su haɗu. Sunan Inna Hawwa'u. Na rubuta shi nan ne don takarda ba ta jin kunya, amma bakina bai taɓa faɗinsa ba. Haka sunan maigidan.

A shekarar da aka ba Katsina jiha aka yi wannan abu. Muna zaune a Dutsin-Ma, shi yana aikin masinja a wata makarantar sakandare. Da ciki ya tsufa na koma gidanmu a Kurfi, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Allah kuwa ya kawo mace.

Tunda Inna ba ta nan, Gwaggo ce ta ɗauki wankan jegona. Gwaggo ƙanwar mahaifin Bilya ce, ita ta rene shi, gidanta na jikin namu. Sunanta Saude. Ranar da Bilya ya zo ganin jaririya, Gwaggo ta ɗaga ta sama ta ce, "Ga takwarata ta iso. Ko ba haka ba, ɗan nan?"

Na dube shi. Ya dubi rufin ɗaki. Ya ce, "Haka ne, Gwaggo."

Da ta fita ɗibar ruwan zafi na ce, "Malam, me na ji?"

Ya ce, "Kyauta, kwantar da hankalinki. Wannan matsala ce ta mutanen da. Mu yanzu kwamfuta gare mu."

Ba mu da kwamfuta. Ko rediyonmu sai an buge shi yake magana. Mai kwamfuta Malam Obadiya ne, malamin lissafi a makarantar, wanda ya dawo da ita daga karatu a ƙasar waje. Wata 'yar aba ce kamar tafireta marar takarda, ana haɗa ta da talabijin, abin da ka buga ya fito a gilashi. Sau biyu Malam Obadiya ya zaunar da Bilya ya nuna masa yadda ake ba ta umarni. Daga nan muka shiga uku. Kafin in taho Kurfi sai da na haddace karatun, don ko tuwo yake ci yana maimaita shi. Kowane umarni da layinsa, kowane layi da lambarsa a gaba. In kana so ta rubuta abu, sai ka buga PRINT, ka sa abin tsakanin 'yan alamu biyu da yake kira kunnuwa. In kana so ta koma wani layi, GOTO da lambar layin. In ka gama sai ka buga RUN, ta kama aiki.

"To ga shiri," in ji shi, yana magana ƙasa-ƙasa. "Zan shaida wa kowa cewa sunaye biyu ne, kuma ba ni zan zaɓa ba. Za a zuba su cikin kwamfuta, wanda ya fara fitowa shi ne sunan yarinya. Wa zai yi fushi da inji? Ni kuwa a ɓoye zan ba Inna lamba casa'in, in ba Gwaggo goma."

"Sai me?"

"Sai me kuma? Casa'in ta tsaya goma ta wuce gabanta?"

Na ce, "Ka tambayi Malam Obadiya?"

"In tambaye shi ya gane maguɗi nake shiryawa? Kuma me zan tambaya? Shekarata takwas a aikin gwamnati. Firinsifal lebul sha huɗu, ni lebul biyu. Wa ke fara shiga mota? Wa ake fara ba shayi? Babbar lamba ita ce gaba, ko a Ingila."

Firamare kawai na yi, ban da bakin musu da mai shekara takwas a gwamnati. 

Kafin la'asar labari ya zaga Kurfi. Bilya ya tsaya a tasha ya ce injin ya san sunan kowa a duniya. A bakin kasuwa ya ce shi da Malam Obadiya kaɗai suka iya shi a duk Arewa, kuma shi Malam Obadiyan ma yakan tambaye shi in abu ya cije. Gwaggo ta ce ita ba ta ƙi ba, ko inji ne ai ya san wadda ta goya uban yarinya. Baba, mahaifina, da ba ya son hayaniya, ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Ana gobe suna Bilya ya koma Dutsin-Ma, ya je gidan Malam Obadiya aron kwamfuta. Ya jira mai gidan ya fita, ya buga layukansa biyu a gurguje. Bai gwada ba, wai suna ba ya fita kafin ranarsa. Ya zare waya, ya naɗe abar cikin bargo, ya hau motar Kurfi da ita a cinya, ya hana kowa tari kusa da ita. Malam Obadiya ya ce shi zai taho da safe a kan babur.

Da gari ya waye ƙofar gidanmu ta cika ta batse. Har daga Birchi da Barkiya an zo, mutanen da ba su san mu ba balle mu san su. Alu mai shayi ya kawo talabijin da janaretonsa, aka ɗora a kan teburi gaban Liman. Rago na ɗaure a gindin dalbejiya, mahauci na wasa wuƙa. Mata kuwa muna cikin gida, ba ma ganin kome. Na daure, na daure, na kasa. Na kife turmi a jikin katanga na hau.

"Ke! Mai jego a bisa turmi?" in ji Gwaggo. "Sauko kafin in ci mutuncinki!"

Ta jawo wani turmin ta kife kusa da nawa, ta hau.

Bilya ya fito cikin babbar riga, da biro uku a aljihu. Alu ya ja janareto, gilashi ya yi haske. Bilya ya ce, "Jama'a, a yi salati." Aka yi. Ya nuna Alu ya ce shi zai karanta abin da ya fito, tunda ya yi boko kuma ba shi da ɓangare. Sannan ya miƙa yatsa ɗaya ya buga RUN.

Ba abin da ya fito. Ya sake bugawa. Wata 'yar alama dai ke ƙyaf-ƙyaf a lungun gilashi.

Ɗanmusa ya yi gyaran murya. Ɗanmusa ɗan Gwaggo ne, taubashin Bilya, tun suna yara ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Ya ce, "Injiniya, ko sunayen sun sauka a hanya? Ka duba cikin bargon."

"Rufe mini baki, bawana. Gajiyar mota ce."

"A ba ta kunu mana."

Ashe da zarar an zare wa abar waya, duk abin da aka zuba mata ya tafi. Malam Obadiya ya gaya masa tun lokacin koyo, yana can yana kallon kansa a gilashi. Amma Bilya ba ya faɗuwa a zaune. Ya ce dama da gangan ya yi, yana so a zuba sunayen sabbi a gaban shaidu. Sai dai kada kowa ya gani kafin lokaci. Ya yafa bargon a kan talabijin, ya cusa kansa ciki kamar mai ɗaukar hoto a kasuwa. Ba ka ganin kome sai gindin babbar riga yana motsi, kana jin ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Can sai kwamfuta ta yi ƙara, ƙit! Daga cikin bargo muka ji, "Af, na bar kunne ɗaya a buɗe."

Liman ya ce, "Kunnen wa?"

"Na suna, Allah gafarta Malam."

Liman ya dubi Baba, Baba ya dubi rago.

Ɗanmusa ya matsa ya ɗaga gefen bargo. "Injiniya, tunda kana ciki, ni ma a zuba ni. Ko injin naka bai san manya ba?"

Bilya ya fito da kai, gumi na zuba. "Kai? Zan zuba ka kuwa. Lamba ɗaya zan ba ka, ƙasa da mai shara. In an gama da mutanen kirki, sunanka zai fito a can ƙarshe ya yi ta zagaye kamar jakin da ya ɓata, yara su yi ta dariya har azahar."

Aka bushe da dariya. Bilya ya ji daɗin dariyar, ya koma cikin bargo ya ƙara layi biyu. Sannan ya miƙe, ya gyara hula, ya ce wa maroƙi ya shirya maƙogwaro. Ya fizge bargon. Ya buga RUN.

Wannan karon abu ya fito, kuma ya fito da gudu. Daga sama har ƙasa gilashi ya cika, rubutu na bin rubutu kamar an ɓalle bakin dam ɗin Zobe. Ina iya karantawa daga kan turmina. 

Liman ya ce, "Alu, me ta ce?"

Alu ya matsa, ya goge ido. "Ta ce Ɗanmusa."

Shi maroƙi abin da ya shiga kunnensa shi yake fitarwa. Ya cika ƙirji ya kwarara, "Sunan yarinya Ɗanmusa! Allah ya raya Ɗan..."

Wata tsohuwa a cikin gida ta rangaɗa guɗa, ta yanke ta a tsakiya. Mahauci har ya kayar da rago, Baba ya yi tsalle ya riƙe masa hannu. Ban taɓa ganin Baba ya yi tsalle ba sai ranar.

Ɗanmusa ya cire hula ya durƙusa gaban talabijin. "Na gode, ranki ya daɗe. Ashe dai akwai mai gaskiya a garin nan."

"Ku dakata!" in ji Bilya. "Shara take yi. Sai ta kwashe datti sannan ta fito da na kirki."

Liman ya ce shi dai ba zai raɗa wa ɗiya mace Ɗanmusa ba ko injin daga Makka ya zo. A jira sunan mace na farko da zai fito. Aka zauna jira.

"Alu, yanzu fa?"

"Ɗanmusa."

Aka raba goro, aka ci.

"Alu?"

"Ɗanmusa ne dai, Allah gafarta Malam. Ga wani nan ma tafe."

Rana ta ɗaga. Wani mutumin Barkiya ya ce shi ya ƙirga ɗari huɗu idonsa ya fara ruwa. Rago ya gaji da kwanciya ya tashi ya ci gaba da cin harawa. Bilya ya danna wannan, ya danna wancan. Ya yi wa kwamfuta magana da Hausa, ya yi mata da Turanci. Ya ƙame ya sara mata kamar yadda yake yi wa Firinsifal. Ya yi mata fifita da hula. Ɗanmusa kuwa ya samu kujera ya zauna kusa da talabijin, yana karɓar gaisuwa.

Da Bilya ya ga ba sarki sai Allah, ya fara ja da baya a hankali wajen waya. Gwaggo ta hango shi ta kan katanga. "Kai, ɗan nan! Ka taɓa igiyar nan ka gani! Ka ce inji zai zaɓa, a bar inji shi zaɓa!"

Alu ya ce shi fa mansa ya kusa ƙarewa, kuma masu shan shayi na jiransa.

Ana cikin haka sai ga Malam Obadiya yana turo babur, taya ta yi faci a hanya. Ya gaida Liman, ya gaida Baba, ya dubi gilashi. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya miƙa hannu ya danna wani maɓalli guda ɗaya. Ɗanmusan da ke gudu a gilashi ya tsaya cak.

Jama'a suka ce, "Aaa!"

Bilya ya ce, "Shi nake shirin dannawa."

Malam Obadiya ya buga wata kalma, sai duk abin da Bilya ya zuba ya fito a jere, kowa na gani:

1 PRINT "DANMUSA"
2 GOTO 1
10 PRINT "SAUDE"
90 PRINT "HAWWA'U"

Alu ya karanta su da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai na ƙarshe sai na sunkuyar da kai. Tun ranar jana'iza ban ji an ambaci sunan nan a ƙofar gidanmu ba.

"Malam Bilya," in ji Malam Obadiya, "ai abin da ka ce mata shi take yi. Layi na ɗaya ya ce rubuta Ɗanmusa. Na biyu ya ce koma na ɗaya. Ta koma, ta rubuta, ta sauko, an ce ta koma. Ko shekara za a yi ba za ta kai goma ba. Ka gina mata ɗaki ba ƙofa."

Liman ya ce, "To in an fitar da wannan ja'irin daga ciki, wa zai fara fitowa?"

"Saude, Malam. Daga ƙaramar lamba take farawa, ta hau sama."

Bilya ya yi tsalle. "Ina! Goma ta riga casa'in? Wane irin inji ne marar tarbiyya? Ai don ta zo ƙarshe na ba Gwaggo goma!"

 Har janareto sai da ya yi tari.

Bilya ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya juyo a hankali ya dubi katanga. Kawuna biyu ne a kanta, nawa da na Gwaggo.

"Maimaita, ɗan nan," in ji Gwaggo. "Kunnena ya tsufa."

"Gwaggo, wato, a ilimin kwamfuta..."

"Ni ka ba goma? Ni da na wanke maka kashi shekara uku? Ɗana kuma ka ba shi ɗaya?"

Ɗanmusa ya ce wa uwarsa, "Ni ban yi fushi ba, Inna. Ɗayan nan ta yi mini rana."

Dariya ta ɓarke. Wani ya faɗo daga kan benci, Alu ya riƙe ciki ya jingina da teburi, Liman ya rufe baki da rawani kafaɗunsa na rawa. Ni ma dariyar nake, amma hawaye na zuba, don na san an gama. Sharaɗi sharaɗi ne, a gaban mutanen gari uku aka yi shi. Saude ce a gaba.

Gwaggo ta juyo za ta ce mini wani abu, sai ta tsaya tana kallon fuskata. Ta rage murya.

"Ke, wannan kukan na mi ne? Alkawari ya yi miki?"

Na gyaɗa kai.

"Yaushe?"

"Ranar sadakar bakwai."

"Ni cewa ya yi danginku ne suka matsa mashi." Ta dubi turmin da nake kai. "Shekara talatin muna daka a turmi ɗaya ni da uwarki. Wannan da kike bisa, nata ne. Da sakaran nan ya buɗe baki ya faɗa mani, sai in yi takara da ita tana kabari? Shi ne ya ɗauko mana tafireta ta raba mu?"

Ta dafa katanga, ta ɗaga murya yadda har bakin kasuwa sai an ji.

"Malam Liman! A bar injin nan shi huta. A yanka ragon nan da sunan Hawwa'u. Ni ina nan da raina, ba inda za ni. Haihuwa ta biyu tawa ce, kuma ba da lamba ba!"

Liman ya ce, "In kuma namiji ne fa, Saude?"

Ɗanmusa ya ce, "In namiji ne ai inji ya riga ya faɗa, sau dubu."

Aka sake kwashewa. Liman ya yi maza ya ɗaga hannu kafin wani abu ya sake fitowa daga gilashi. Aka yi addu'a, aka shafa, mahauci ya yi aikinsa. Maroƙi ya matso wajen Liman ya tambaya sau biyu don ya tabbatar, sannan ya buɗe murya. Sau uku ya faɗi sunan, mata suka amsa da guɗa, wannan karon har ƙarshe.

Gwaggo ta sauka daga turmi, ta kama hannuna ta sauke ni, tana faɗan cewa ruwan wanka ya huce saboda shirmen maza. Ta bayan katanga ina jin muryar Bilya ta dawo daidai, yana yi wa waɗanda suka makara bayani: wai duk haka ya tsara, sunan da ya ba babbar lamba ai shi ya ci, a je a tambayi kowa.

Na shiga ɗaki. Yarinyar ta farka, tana ta wutsil-wutsil da ƙafa, duk hayaniyar nan ba ta dame ta ba. Na ɗauke ta, na goge fuskata da bakin zane.

Na ce, "Inna, sannu da zuwa."